Bukukuwan Da Alƙalami Ya Haifa: Tarihin Shagulgulan Hunturu A Duniyoyin Ƙage

Duk wanda ya duba kalanda ya san watan Disamba kwana 31 gare shi. Amma a wani ƙaramin gari mai suna Wincanton, a kudu maso yammacin Ingila, an shafe shekaru jama'a na taruwa idan shekara ta zo ƙarshe don raya wani biki wanda asalin ranarsa ita ce 32 ga Disamba. Sunan bikin Hogswatch. Babu kakan da ya gadar musu da shi. Marubuci Terry Pratchett ne ya ƙaga shi a littattafansa, masu karatu suka ciro shi daga takarda suka fito da shi kan titi. A 2002 ma sai da aka ƙulla zumuncin tagwaye tsakanin garin da birnin Ankh-Morpork, birnin da babu shi a taswirar kowace ƙasa sai a cikin littattafan Pratchett.

Marubutan da ke gina duniyar kansu sukan zana taswira, su jera sarakuna, wasu har harshe suke ƙirƙira. To amma inda ake gane ko duniyar tana numfashi shi ne ranar da mutanenta suka ajiye takobi da fartanya suka yi biki. A adabin Turai da Amurka wannan rana galibi takan faɗo a tsakiyar hunturu. Tarihin waɗannan bukukuwa na nuna abu guda: bikin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne wanda marubucinsa ya san abin da mutanensa ke jin tsoro.

Me ya sa sai hunturu?

Mai karatu da ya tashi a Yamai ko Damagaram yana buƙatar ɗan bayani a nan. A wajenmu tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da yini mafi gajarta a shekara ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba, ko ɗan sama da haka. A Landan kuwa, wajajen 21 ga Disamba hasken rana bai cika awa 8 ba, a Helsinki bai kai awa 6 ba, a garin Tromso na arewacin Norwe ma rana ba ta leƙowa sam tun daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Kafin zuwan lantarki da jirgin ƙasa, hunturu a waɗannan wurare yana nufin duhu, da ƙasa daskararriya wadda ba ta nomuwa, da lissafin ko abin da ke rumbu zai kai iyali zuwa sabon tsiro.

Saboda haka al'ummomi da yawa suka sa babban bikinsu kusa da daren da ya fi kowanne tsawo. Rumawa suna da Saturnalia, wanda ke farawa 17 ga Disamba, daga baya ya miƙe har zuwa 23, ana musayar kyautar kyandir, iyayengiji har su yi wa bayinsu hidima a wajen cin abinci. Mutanen Iran suna raya daren Yalda, mutanen Sin suna da Dongzhi. Ƙabilun arewacin Turai suna da Yule. Wani malamin coci mai suna Bede, a littafin da ya rubuta kan lissafin zamani a shekara ta 725, ya ce kakannin Ingilishi suna kiran Disamba da Janairu da suna ɗaya, Giuli, Nuwamba kuma watan yanka ne, lokacin da ake sadaukar wa gumaka shanun da za a yanka. Hikimar abin a fili take: dabbar da babu harawar ciyar da ita har ƙarshen sanyi gara a yanka ta tun tana da ƙiba. Ke nan yawan naman da ake ci a bikin ya samo asali ne daga tsoron yunwa.

Kirsimetin da marubuta suka yi wa kwaskwarima

Kafin marubuta su fara ƙaga wa ƙasashen da babu su biki, sai da suka taɓa wanda ake yi a zahiri. A 1647 majalisar dokokin Ingila ta haramta shagalin Kirsimeti, haka ma yankin Massachusetts na Amurka daga 1659 zuwa 1681. An ɗage haramcin daga baya, amma a farkon ƙarni na 19 da yawa daga cikin tsofaffin al'adun bikin sun dusashe, musamman a birane. A 1819 zuwa 1820 marubucin Amurka Washington Irving ya fitar da The Sketch Book, inda ya siffanta Kirsimeti a wani gidan attajirin ƙauye da ya kira Bracebridge Hall: ƙaton gungume na ci a murhu, talaka da mai gida na ci a rufi ɗaya, ana wasannin da. Gidan ƙage ne, kuma al'adun ya tsinto su ne daga tsofaffin littattafai da abin da ya gani a tafiye-tafiyensa ya haɗa wuri guda. Charles Dickens, wanda yake matuƙar girmama Irving, ya biyo baya da A Christmas Carol a 1843, ya mai da bikin lokacin iyali da tausaya wa matalauta. Masu karatu suka riƙa yin abin da suka karanta, har ya zama kamar haka aka gada tun fil'azal. Masana tarihi Eric Hobsbawm da Terence Ranger sun yi littafi sukutum a 1983 kan irin wannan, wato al'adun da ake zaton tsofaffi ne alhali jiya-jiya aka tsara su.

Abokai biyu, hanyoyi biyu

J.R.R. Tolkien farfesa ne na tsohon Ingilishi a Jami'ar Oxford, kuma ya san littafin Bede ciki da bai. Da ya zo rubuta The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955, sai ya zauna ya tsara wa gajerun mutanensa, Hobbit, cikakkiyar kalanda a ratayen littafin. Wata 12 ne, kowanne kwana 30. Ragowar kwana 5 ba sa cikin kowane wata: uku a tsakiyar lokacin zafi, biyu kuma su ne ranakun Yule, wato ranar ƙarshe ta tsohuwar shekara da ranar farko ta sabuwa. Shagalin kansa kwana 6 ake yi, uku kafin shekara ta juya, uku bayanta. Sunayen watannin ma daga jerin Bede ya gyaro su, har da watan yankan nan.

Bai tsaya a lissafi ba. Ya ba Hobbit tarihin da zai sa su ɗauki sanyi da muhimmanci: wani dogon hunturu da ya jawo yunwa ya kashe jama'a da yawa, da wani kuma da kogi ya daskare har kyarketai suka tsallako cikin ƙasar. A ƙarshen labarin, bayan an kori azzaluman da suka mamaye ƙasar suka tattara abincin mutane suka ɓoye, sai aka gano ma'ajiyar, aka yi Yule cikin wadata fiye da yadda kowa ya zata. A layi kaɗan ya faɗi wannan, amma mai karatu ya fahimci cewa ƙasa ta dawo hannun masu ita, tunda ga shi sun ci sun ƙoshi a ranar bikinsu. Tolkien Kirista ne mai riƙo da addininsa, ya kuma shafe shekaru daga 1920 zuwa 1943 yana rubuta wa ƴaƴansa wasiƙu da sunan dattijon nan mai farin gemu da jan kaya da Turawa ke kira Father Christmas. Duk da haka bai sa sunan Kirsimeti a bakin mutanen duniyarsa ba, domin a lissafinsa labarin ya faru ne tun kafin haihuwar Almasihu da dubban shekaru. Abin da ya yi kawai shi ne ya sa tawagar jaruman ta bar Rivendell ranar 25 ga Disamba, mai lura ya lura.

Abokinsa C.S. Lewis bai damu da wannan tsantseni ba. A The Lion, the Witch and the Wardrobe na 1950, wata matsafiya ta ɗaure ƙasar Narnia cikin hunturu na shekara 100, ta kuma hana Kirsimeti zuwa. Alamar farko ta raunin mulkinta ita ce bayyanar Father Christmas da kansa, yana raba wa yara takobi da garkuwa da kwari da baka. Tolkien bai ji daɗin yadda littafin ya cakuɗa halittun almarar Girkawa da irin wannan dattijo ba, kuma har yau masu nazari na tambayar yadda aka yi mutanen Narnia suka san sunan Kirsimeti. Sai dai Lewis ya gano wani abu da ya dace a yaba masa. Akwai wajen da matsafiyar ta tarar da wasu ƙananan dabbobi zaune a bakin hanya suna liyafa, ta fusata ta mai da su duwatsu. Azzalumi yana tsoron taron cin abinci, domin mutanen da suka taru suna murna sun fara daina jin tsoronsa. A littafi na gaba-gaba, The Silver Chair na 1953, Lewis ya ƙaga wa Narnia bikinta na kanta: rawar da ake yi a daren farko mai farin wata bayan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, masu rawa na zagaye, wadanni na jefa curin ƙanƙara ta tsakaninsu daidai da kiɗa, ta yadda in kowa ya taka daidai ba wanda za a samu.

Masu kallon biki daga waje

Tove Jansson ƴar ƙasar Finlan ce mai rubutu da harshen Suwidin, ta san duhun hunturu tun tana yarinya. Halittunta da ake kira Moomin barci suke yi tun daga farkon sanyi har ƙarshensa. A littafinta na 1957, Moominland Midwinter, ɗan gidan ya farka shi kaɗai a tsakiyar hunturu ya kasa komawa barci, ya iske kwarin da ya sani ya zama na wasu baƙin halittu masu jin kunya. A daren mafi tsawo sukan hura babbar wuta a kan tudu don tarbar rana. Ana cikin haka wata halitta mai suna Groke, wadda duk inda ta zauna sai ya daskare, ta zo ta zauna a kan wutar ta kashe ta. Yaron ya ɗauka shi ke nan rana ba za ta dawo ba. Amma ita ɗumi kawai ta zo nema, kuma rana ta dawo a lokacinta. A wani gajeren labari na 1962 kuma, maƙwabta suka tashe iyalin daga barci suna ta cewa Kirsimeti na tafe, ba a shirya komai ba. Ganin yadda kowa ke kai-komo a ruɗe, sai suka zaci wani dodo ne ke zuwa, wanda ake lallashi da itace da abinci da kyaututtuka. Da raha ta rubuta shi, amma kuskuren fahimtar da suka yi ya kai su kusa da asalin bikin fiye da maƙwabtan da ke ta sayayya.

Ursula K. Le Guin ɗiyar masanin al'adun ɗan'adam ce, Alfred Kroeber, kuma ana ganin haka a aikinta. A A Wizard of Earthsea na 1968, mutanen tsibiranta suna da bikin Dawowar Rana a tsakiyar hunturu, inda ake rera waƙar tarihin wani tsohon sarkinsu, da kuma doguwar rawa a tsakiyar lokacin zafi. Abin da ya fi jan hankali shi ne kwanakin da ke biyo bayan bikin, lokacin da wata ke raguwa. A cikinsu ba a raɗa wa yaro sunansa na gaskiya, ba a wasa wuƙa, ba a yin rantsuwa, matafiyi kuma na ɗar-ɗar. A daidai waɗannan kwanaki ta sa jarumin ya nufi ƙarshen teku don fuskantar inuwar da ke binsa. Ta gane cewa al'ada ba ta cika da abin da ake yi kaɗai, sai an haɗa da abin da aka hana.

Alade, jini da fitowar rana

Wanda ya fi kowa tona asirin wannan sana'a shi ne Pratchett, a littafinsa Hogfather na 1996. Duniyarsa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, tana kan giwaye huɗu, su kuma a bayan wani ƙaton kunkuru. Da farko Hogswatch kamar ba'a ce ga Kirsimeti: wani ƙato mai jan kaya da haure irin na gadu yana yawo a keken da aladu huɗu ke ja, yana shiga gidaje ta bututun hayaƙi, ƴan kasuwa na cin kasuwarsu. Sunan ma wasa ne da Hogmanay, bikin sabuwar shekara na mutanen Sikotlan. Sai wasu halittu masu ƙin duk abin da ba ya lissafuwa suka yi hayar makashi ya kawar da shi, ta hanyar sa yara su daina yarda da shi. Mutuwa da kansa, wanda a littattafan Pratchett ƙwarangwal ne mai tausayin ɗan'adam, ya sa jan kaya da gemun ƙarya ya shiga raba kyauta don kada imanin ya mutu.

Yayin da labarin ke tafiya sai a riƙa ɓare bikin kamar albasa. Ƙarƙashin kayan wasan yara akwai kyautar nama, ƙarƙashin wannan akwai yankan alade na tsakiyar sanyi, can ƙasa kuma akwai farautar gadu a cikin dusar ƙanƙara da zub da jini domin rana ta sake fitowa. Wato Pratchett ya bi sawun tarihin Yule ne ya mai da shi labari. Hujjar da ya rufe da ita ta fi bikin girma. A ganinsa yaro yana koyon yarda da ƙananan ƙage irin wannan ne domin in ya girma ya iya yarda da abubuwan da ba a iya aunawa a sikeli, kamar adalci da jinƙai. Mai karatu na iya yarda da shi ko ya ƙi, amma ba zai ce bikin ado ne kawai aka liƙa wa littafin ba.

George R.R. Martin ya zo da misali ta ɗaya gefen. A jerin littattafansa da suka fara da A Game of Thrones a 1996, zafi ko sanyi na iya ɗaukar shekaru, ba wanda ya san iyakarsa sai malamai sun aiko da fararen hankaki. A irin wannan duniya ba a san tsakiyar hunturu ba balle a yi masa biki. Abin da muka gani a littafi na biyu shi ne liyafar kaka a Winterfell, inda hakimai ke ci suna sha, a gefe kuma ana ja-in-ja kan kason amfanin gona da za a ajiye.

Kirsimeti da sabon suna

Talbijin da kamfanonin wasanni suna da wata buƙata dabam. Suna son shirin ƙarshen shekara da zai sayu a ko'ina ba tare da an ambaci addinin kowa ba. Ranar 17 ga Nuwamba 1978 tashar CBS ta Amurka ta nuna wani shiri na musamman na Star Wars, inda Chewbacca ke ƙoƙarin isa gida don bikin Life Day, Ranar Rayuwa, da jajayen riguna da ƙwallaye masu haske. Shirin ya sha suka har ba a sake nuna shi ba. Wasan kwamfuta na World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, yana da Winter Veil daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, da dattijo mai gemu da kyaututtuka a gindin itace ranar 25 ga wata. Final Fantasy XIV da Guild Wars da Stardew Valley duk kowanne da nasa. Yawancinsu Kirsimeti ne aka cire masa suna aka sa masa wani, kuma da kalandar mai wasa suke tafiya, ba da ta mutanen cikin wasan ba. Shi ya sa za ka ga an kafa itacen ado a tsakiyar birnin da ke cikin hamada.

Duk da haka ba a raina su gaba ɗaya. Masoya Star Wars sun riƙe 17 ga Nuwamba, da farko don zolaya, har kamfanin Disney ya dawo da bikin: an ambace shi a kashin farko na The Mandalorian a 2019, aka kuma fitar da sabon shiri a kansa ranar 17 ga Nuwamba 2020. Haka Festivus, wanda wani marubuci Daniel O'Keefe ya ƙaga wa iyalinsa a shekarun 1960, ɗansa ya sa shi a wasan barkwanci na Seinfeld a Disamba 1997. Ranar 23 ga Disamba ake yinsa, da sandar alminiyam maimakon itace, kowa ya zayyana wa ƴan'uwansa laifin da suka yi masa a shekara. A 2013 har a ginin majalisar jihar Florida an kafa irin wannan sanda. Shi ma ya rayu ne domin ya taɓo wani abu na gaske, wato gajiyar da mutane ke yi da kashe kuɗi da murmushin dole.

Abin da ya rage wa mai alƙalami

Marubucin Hausa da ke gina masarautun ƙage a labaran yaƙi da na aljanu yana fuskantar wannan tambaya ta wata fuska. Manyan bukukuwan da muka saba da su da watan sama suke tafiya, suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka ba su da wani yanayi nasu na dindindin. Waɗanda ke bin yanayi su ne na bayan kaka, lokacin da rumbu ya cika, hunturu ya buso, ƴan kokawa da ƴan dambe suka fita gari-gari. Mun ma ga yadda ake ɗaukar irin wannan a tsara shi ya zama na ƙasa: gasar kokawar Takobi da aka fara a Tawa a 1975 yau ta zama kamar tun can da ita aka tashi.

Wanda ya kwaso dusar ƙanƙara da itacen ado ya kai masarautar da ke bakin sahara ya maimaita kuskuren kamfanonin wasanni. Tambayoyin da Tolkien da Le Guin suka yi wa kansu su ne masu amfani. Wane lokaci ne na shekara mutanen nan ke kwana da fargaba? Me suke ci a ranar, kuma me ya sa shi? Me aka hana? Wa ake bari a waje, kamar Groke, yana leƙen wuta daga nesa? A ƙasa irin tamu amsar tambaya ta farko da wuya ta zama sanyi. Ta fi kusa da ƙarshen bazara, lokacin da rijiya ta ja baya, hatsi ya kusa ƙarewa, kowa na ɗaga kai yana duban gabas ko hadari zai haɗu. Marubucin da ya fara daga nan zai ga bikin masarautarsa ya zo masa da abincinsa da waƙarsa da haninsa.